Kafin Ka Sauke Inji: Yadda Ake Farfaɗo Da Tsohuwar Land Rover Mai Dizal

Da wuya ka zagaya gari a Arewa ba ka ga tsohuwar Land Rover a yashe ba, tayoyi sun sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Kowa ya wuce sai ya ce ta mutu. Ni da na yi aikin SIWES a garejin masu gyaran dizal, na ga cewa da dama cikinsu suma suka yi. Abin da ke ƙarasa su shi ne gaggawar bakanike: mota ta ƙi tashi, sai a ce a sauke inji a yi garambawul. Kuɗi su ƙare a tsakiyar aiki, kayan ciki su watse a kwali, ƙarshe a sayar wa 'yan gwangwan a kilo. Don haka 'yan'uwa ɗalibai, mu koyi bincike kafin mu ɗauki sifana.

Motar da nake magana a kai ita ce Series III, wadda aka ƙera a Ingila daga 1971 zuwa 1985. Injinta na dizal silinda huɗu ne, girmansa cc 2,286, ƙarfinsa doki 62 kacal. Ba shi da gudu, amma ba shi da kwamfuta ko ɗaya, kuma komai nasa ana iya gani da ido a taɓa da hannu.

Injin dizal ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na fetur. Fistan ne ke matse iska har ninki 23, ta yi zafin da ya haura digiri 500, sai nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Ka ga ke nan abu uku yake nema: iska mai tsabta, matsi mai ƙarfi, da mai da ya iso a daidai lokacinsa. Duk injin da ya ƙi tashi, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya samu matsala.

Idan mota ta shekara a ajiye, kada ka kawo batir ka hau bugawa. Fara cire nozul huɗun, ka zuba ɗan dizal a kowane rami, ka bar shi ya kwana biyu ko uku. Sannan ka sa sifana a kan notin karanshaf ka juya da hannu a hankali. In ya zagaya sumul, alhamdu lillahi. In ya cije, ƙara haƙuri, domin ƙarfi zai karya zoben fistan ne kawai. Kuma ka tabbata man da ka zuba ya fita kafin ka mayar da nozul, saboda ruwa ba ya matsuwa kamar iska, yana iya lanƙwasa sandar fistan.

Daga nan sai hanyar mai, kuma a nan ne aka fi samun mai laifin. Famfon injekta na wannan mota, samfurin CAV DPA, ba shi da baƙin mai nasa. Dizal ɗin da ke ratsa shi shi ne ke sa masa santsi. Shi ya sa ruwa a tanki yake sa masa tsatsa, dizal da aka gauraya da kananzir kuma yake cinye shi a hankali. Juye tsohon mai, wanke tanki, sa sabuwar filta. Bayan haka dole a fitar da iska, don dizal ba ya shiri da kumfa ko kaɗan. A jikin ƙaramin famfon da ke ɗago mai daga tanki akwai ɗan hannu. Sassauta sukurun kan filta, ka yi ta danna hannun har mai ya fito ba kumfa, ka ɗaure. Yi haka a sukurorin jikin injekta. A ƙarshe sassauta bututun da ke shiga nozul, a buga inji har mai ya tsarto.

Wani abin da ke ruɗa sababbin hannu shi ne hita, wato 'yan sandunan da ke ɗumama ɗakin ƙonewa kafin a tayar da sanyin safiya. A irin haɗin asali, a jere suke kamar carbi, wuta na bi ta ɗaya zuwa ɗaya. Guda ta ƙone, duk huɗun sun daina aiki. Sai ka ga mota ta ƙi tashi da hunturu, a ce ai inji ya gaji, alhali mita ta minti biyar za ta nuna inda layin ya tsinke.

In ya tashi, sai ka koma bayan mota ka karanci salansa. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa: duba matatar iska, sannan nozul. Matatar wannan mota irin mai kwanon baƙin mai ce, kuma da ƙurar hunturunmu nan da nan kwanon ke zama taɓo. Wanke ta, ka zuba sabon mai daidai layin da aka zana. Farin hayaƙi mai yaji a ido dizal ne da bai ƙone ba, wato ko taimin ya kauce ko matsi ya ragu. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa. Kafin ka yanke wa matsi hukunci, saita bawul: tazarar ita ce inci 0.010, wato milimita 0.25, na shiga da na fita duka. Na ga injin da aka riga aka yi wa kuɗin garambawul ya warke da wannan kaɗai.

To yaushe ne sauke inji ya zama dole? In ka buɗe murfin baƙin mai hayaƙi na bugowa da ƙarfi, zobba sun tafi. In baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko lagireto na tafasa kumfa, gaskit ya ƙone. In kana jin ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa kuma fitilar mai na kamawa, metal ne. Idan aka cire kan silinda, a duba 'yan ƙoƙunan ƙarfe da ke rufe ɗakin ƙonewa, don sukan tsage ko su yi sako-sako, kuma in ɗaya ya faɗa kan fistan sai dai Inna lillahi. Wajen sayen kaya a Panteka ko Ƙofar Ruwa, ka san wane inji ke hannunka: na farko metal uku ke riƙe karanshaf ɗinsa, daga 1980 aka mayar da su biyar, kuma kayansu ba duka ke shiga juna ba. Wajen ɗaure kan silinda, daga tsakiya ake farawa a yi waje, da sifana mai awo. Kada a yi ƙiyasi da ƙarfin damtse.

Hattara da abu biyu. Kada ka taɓa sa hannu gaban nozul yana feshi, domin man na huda fata ya shiga jini. Na biyu, tsohon injin dizal na iya fara shan baƙin mansa ya yi ta gudu ko an kashe shi. Ajiye faffaɗan katako kusa don toshe bakin iska. Tafin hannu ko tsumma ba sa wannan aikin.

Bayan an farfaɗo da shi, zafi ne babban maƙiyinsa. Al'adar cire tamostat don wai ƙasarmu da rana ba gyara ba ce, ɓoye ciwo ne. A wanke lagireto, a duba fanbel, a daina ɗura ruwan rijiya mai barin gishiri a ciki.

Ina kira ga 'yan ajin ƙarshe masu neman aikin kammalawa: ku dubi irin waɗannan motoci. Da izinin mai ita, da mita, da sifana, da littafin rubuta abin da kuka auna, za ku koyi abin da allo bai isa ya nuna ba. In kuma ta tashi, akwai ƙauyen da damina ke yankewa daga asibiti, wanda wannan tsohuwa ce kaɗai za ta iya kai masa. Allah ya sa albarka a abin da muke koyo.