Ba Alewa Ce Ta Jawo Ba

Da na je gida hutun bara, na tarar ƙanwata 'yar shekara tara ta rame kamar kara, ga ƙishirwa ba dare ba rana, ga yawan fitsari. A asibiti aka ce ciwon sukari ne na yara. Kakarmu ta ɗora wa innarmu laifi, wai ita ta sake mata da alewa. Da muka dawo makaranta sai na tambayi malaminmu na ilmin halittu. Ga abin da na fahimta.

A cikin jininmu akwai waɗansu fararen ƙwayoyi, su ne dogaran jiki. Ba su iya leƙa cikin sauran ƙwayoyin jiki. Saboda haka kusan kowace ƙwaya tana da ɗan faifai a kanta, tana ɗora gutsattsarin abin da ke cikinta, kamar 'yar talla. In dogari ya duba ya ga kayan gida ne sai ya wuce, in na cuta ne ya kashe ƙwayar. Sunan faifan nan HLA. Wani likita Bafaranshe, Jean Dausset, shi ya fara gano shi a 1958.

Siffar faifan kuwa a rubuce take cikin DNA, watau abin da muke gada a jiki, a kuromosom na 6, rabi daga uwa rabi daga uba. To, su dogaran nan ana horonsu a wata 'yar gaɓa bayan ƙashin ƙirji. Can ake nuna musu kayan gida a faifai, wanda duk ya zabura zai kai hari sai a kawar da shi. Masana suna ganin wani irin faifan ba ya nuna gutsuren insulin sosai, insulin ɗin nan mai shigar da sukari cikin ƙwayoyin jiki. Sai dogari ya gama horo bai san shi ba. Ran da ya gamu da ƙwayoyin da ke yin sa a bayan tumbi, sai ya far musu kamar baƙi.

Amma fa gado kaɗai bai isa ba. Akwai tagwaye masu DNA iri ɗaya, ɗaya ya kamu, ɗayan lafiya lau. Wataƙila ni ma irin faifanta gare ni.

Yanzu ƙanwata ta koyi yi wa kanta allurar insulin. Na rubuta wasiƙa a karanta wa kakarmu, don ta ƙyale innarmu ta sarara.