MiG-15 Da Sabre: Wane Ne Ya Fi Hawa Sama?

A lokacin Yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, jiragen yaƙi biyu ne suka yi ta karon batta: MiG-15 ƙirar Tarayyar Sobiyet da F-86 Sabre ƙirar Amurka. Matuƙan Amurka sun sha kokawa cewa da zarar abokin gaba ya ga uwar bari, sai ya ɗaga hancin jirginsa ya haye sama ya bar su. Manhajar kwamfuta mai kwaikwayon tuƙin jirgi, irin su DCS World, na bai wa mutum damar maimaita wannan karo daga kan kujerarsa. Sai dai masu gwajin da dama kan yi kuskure, domin hawa sama iri biyu ne.

Na farko shi ne hawa mai ɗorewa, wanda ya dogara ga rarar ƙarfin inji bayan an cire tirjiyar iska, sannan a raba da nauyin jirgi. A nan ne asirin MiG yake. Injin VK-1 na MiG-15bis da injin J47 na F-86F kusan ƙarfinsu ɗaya, wato abin da zai ɗaga kimanin kilo 2,700. Amma MiG ba mai ba harsashi bai kai kilo 3,700 ba, alhali Sabre ya kai kilo 5,000. Doki ɗaya ne, kaya ne suka bambanta.

Na biyu shi ne hawan zabura, inda matuƙi ke musanya gudunsa da tsawo, kamar dutsen da yaro ya cilla sama. Ɗalibin fiziks zai iya lissafa shi. Alal misali, jirgin da ke gudun mita 250 a daƙiƙa, idan ya miƙe sama har gudunsa ya sauko zuwa mita 100, zai ƙara tsawon kimanin mita 2,700, in an ajiye batun inji da iska gefe. A cire murabba'in gudu na biyu daga na farko, a raba da 19.6. Abin lura, nauyi bai shiga lissafin ba ko kaɗan. Hasali ma, idan girman jirage biyu ɗaya ne, iska ba ta saurin rage gudun wanda ya fi nauyi.

Saboda haka, wanda ya sulo da Sabre daga sama da matsanancin gudu, ya zabura ya wuce MiG, bai auna ƙarfin hawa ba. Gudun da ya tara ya auna. Gwaji na gaskiya sai jiragen sun fara daga tsawo ɗaya, da gudu ɗaya, a cikin zafin iska ɗaya, a kuma rubuta yawan man da kowanne ya ɗauka. Daga nan sai a duba agogo a ga daƙiƙoƙin da kowanne ya ci kafin ya kai mita 10,000.