Tundra ko Hilux: Wace a-kori-kura ce ta dace da hanyoyin Tambuwal da Kebbe?

Duk matashin da ya ga Toyota Tundra ta ratsa garin Tambuwal a kan titin Sakkwato zuwa Jega sai ya waiwaya. Ga tsawo, ga faɗi, ga rurin inji. Da yawa sukan ce da za su samu irinta, da sun huta da matsalar kwaso amfanin gona daga Kuchi ko Margai ko Dogon Daji. Amma kafin gida ya sayar da shanu ko ya jinginar da gona don saya wa yaro motar haya, ya kamata a auna ta da abokan gasarta.

Kamfanin Toyota ya fara ƙera Tundra a 1999 domin kasuwar Amurka, inda take gogayya da Ford F-150 da Chevrolet Silverado da Ram 1500. A can titunan suna da faɗi, kuma akan yi amfani da waɗannan motoci wajen jan tirela ko kwale-kwale a baya. Hilux kuwa ta fito tun 1968, kuma an gina ta ne don ɗaukar kaya a munanan hanyoyi. Kafin ta mamaye Arewa, Peugeot 404 da 504 da ake haɗawa a Kaduna su ne a-kori-kurar kowace kasuwar ƙauye.

Abu na farko da za a duba shi ne nauyin kaya. Tundra mai ƙofa huɗu ta kai kusan mita 5.8 a tsawo, Hilux kuma kimanin mita 5.3. Sai dai yawancin Tundra ƙirar 2007 zuwa 2021, wadda aka fi gani a nan, an ƙayyade musu ɗaukar kilo 600 zuwa 900 ne, har da nauyin direba da fasinja. Hilux kuwa tana ɗaukar kusan kilo 1,000. Wato idan buhun gero kilo 100 ne, ƙaramar ta fi babbar ɗauka. Inda Tundra ta yi zarra shi ne ja, domin tana jan fiye da tan 4, aikin da ba kasafai manomin yankinmu yake buƙata ba.

Na biyu shi ne shan mai. Injin Tundra mai silinda 8 da lita 5.7 yana cin kimanin kilomita 6 da litar fetur ɗaya. Hilux mai silinda 4 da lita 2.7 tana kaiwa wajen kilomita 9. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kimanin kilomita 100 ne, zuwa da dawowa 200 ke nan. Tundra za ta sha kusan lita 33, Hilux kuma lita 22. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan ratar ta lita 11 tana iya cinye ribar sawu guda.

Na uku shi ne gyara. Kanikawa sun san Hilux ciki da waje, kuma kayan gyaranta ba su da wahalar samu a Sakkwato ko Jega. Na manyan motocin Amurka sau da yawa sai an aika Kano ko Legas, motar na ajiye, mai ita na cin bashi.

Na huɗu shi ne hanya. Da damina hanyoyin ƙauyukan Kebbe kan koma taɓo da zaizaya, da rani kuma yashi. Mota mai faɗin mita 2 da nauyin fiye da tan 2 da rabi tana wahala a ƙuntatacciyar hanyar gona, kuma idan ta kafe ba ƙaramin aiki ba ne fitar da ita. Haka kuma ba kowace Tundra ko Hilux ce ke jan ƙafafu huɗu ba, don haka a tambaya kafin a biya.

Akwai kuma ƙananan 'yan Japan, Daihatsu Hijet da Suzuki Carry. Kilo 350 aka ƙayyade musu, amma ga mai kai albasa ko kayan miya kasuwa ta kusa, sun fi sauƙin saye da riƙewa. Mai kaya da yawa kuwa Mitsubishi Canter ce daidai da shi.

Kowace aka saya, a nemi adadin nauyin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba ko a littafin motar, a kuma tsaya a kansa. Lodin da ya wuce kima, da ɗora mutane a kan buhuna, yana hana birki kamawa, yana fasa taya, yana salwantar da rayuka.

Ga aikin gida ga 'yan makaranta: ku tambayi kuɗin litar fetur a garinku, ku ninka da 33 da kuma 22, sannan ku raba na farko da buhu 7, na biyu da buhu 9. Abin da ya fito shi ne kuɗin man kai buhu ɗaya Sakkwato a kowace mota. Ku nuna wa yayanku ko babanku da ke shirin saye, domin Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.