Gem ɗin Da Babu Wanda Ya Zana: Yadda Kwamfuta Ke Ƙirƙirar Wasan Bidiyo Da Kanta

Masu bibiyar fim sun san cewa motsin da muke gani a allo hotuna ne ake jerawa da sauri, yawanci 24 a cikin daƙiƙa ɗaya. Haka ma gem yake, sai dai shi akwai dokokin da masu haɗa shi suka rubuta: idan ka danna nan, ɗan wasa ya yi tsalle, idan ya ci karo da bango, ya tsaya.

To, yanzu an samu manhajar ƙirƙirarriyar basira da aka gina bisa kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwar ɗan'adam. Ita ba a rubuta mata doka ko ɗaya. Kallo kawai take yi, ta ga hoto da maɓallin da aka danna, sannan ta yi hasashen hoton da zai biyo baya. In ta kuskure a gyara mata, a sake, har ta goge.

A 2020 kamfanin Nvidia ya gwada wannan da Pac-Man, tsohon gem ɗin nan na 1980. Manhajarsu GameGAN ta kalli wasa 50,000, ta fito da nata Pac-Man da za a iya bugawa. Da kanta ta gane cewa ba a ratsa bango.

A 2024 kuma masu bincike na Google suka fito da GameNGen, wadda ke zana gem ɗin Doom na 1993 nan take, hoto 20 a daƙiƙa. Ka harba, ka buɗe ƙofa, duk hasashe ne take yi. Mutanen da aka nuna wa gajerun bidiyo da kyar suka bambance na gaskiya da na manhajar.

Amma fa akwai matsala: mantuwa. Abin da GameNGen ke riƙewa bai wuce na kusan daƙiƙa 3 ba. Ka yi tunanin daraktan da ke manta fitowar da ya ɗauka ɗazu. Ai labari ba zai ɗore ba.

Babbar tambayar ita ce ta haƙƙi. Manhaja ba ta ƙirƙira daga iska, aikin mutane take koyo. Shi ya sa a watan Yulin 2024 masu sa murya da masu motsin jiki a gem na ƙungiyar SAG-AFTRA a Amurka suka shiga yajin aiki na kusan shekara guda, suna neman kada a kwaikwayi muryarsu ko surarsu sai da izininsu da biyansu.

Don haka idan ka ji an ce kwamfuta ta haɗa gem ita kaɗai, ka tambaya: daga aikin wa ta koya, kuma an biya shi? Mawaƙanmu da jarumanmu ma gara su fara riƙe wannan tambayar tun yanzu.