Yadda Ake Zaɓen Bututu Da Fanka Don Yi Wa Kwamfuta Gado

Jama'a, a Jabo da Tambuwal da Kebbe akwai matasan da kwamfuta ce jarinsu. Da ita suke buga takardu, su tura karatu da waƙoƙi a waya, su cika wa ɗalibai fom. Babban abokin gabar wannan jari shi ne zafi. A watan Afrilu zafin ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40, alhali yawancin kamfanoni sun ce kada a yi aiki da kwamfutar cinya a inda zafi ya haura digiri 35. In ta ɗau zafi sai ta yi nauyi, ko ta mutu ana tsakiyar aiki, batirinta kuma ya gaji da wuri.

Maganin ba shi da tsada. Kowa ya san gadon kara ya fi tabarma sanyi, domin iska tana ratsawa ta ƙarƙashi. To haka za ka yi wa kwamfutarka gado da bututun roba, ka ɗaura masa fanka.

Da farko, bututu. Nemi na ruwa, wato PVC, mai rabin inci ko inci uku bisa huɗu, a wajen masu kayan famfo. Ya fi siririn bututun wayarin ƙarfi. Latsa shi da yatsa, in ya lotsa bar shi. Wanda ya daɗe a rana yakan bushe ya tsage. Sayi gwiwoyi da mahaɗai daidai da girmansa. Ƙafafun su kai inci uku ko huɗu. Kada ka sa gam sai ka gwada ka ga kwamfutar ta zauna daram. Ka kuma sani PVC ba ya jure zafin da ya wuce digiri 60, don haka kada ya tare kafar da iska mai zafi ke fita.

Na biyu, fanka. Ana samunta a tsofaffin kwamfutocin tebur wajen masu gyara. Mai faɗin milimita 120 ta fi mai 80 ba da iska, ƙararta kuma ba ta kai ba. Karanta takardar da ke manne a bayanta. In an rubuta 12V, batirin sola ko na babur zai juya ta. In 5V ce, kafar USB ta wadatar. Galibi jar waya ita ce mai wuta, baƙa kuma ta ƙasa. Kada ka kuskura ka jona ta da wutar Nefa kai tsaye, nan take za ta ƙone.

Ɗaura fankar yadda za ta hura iska sama, saitin kafofin da ke ƙarƙashin kwamfutar. Lokacin hunturu ka riƙa share ta duk mako, domin fanka ba ta bambanta iska da ƙura.

Allah ya sa albarka a sana'a.