Taswirar da ke Bangon Asibiti

Duk wanda ya shiga ƙaramin asibitin mazaɓa a karkarar Kano ko Jigawa yakan tarar da wani kwali manne a bango, an zana shi da biro: ga masallacin Juma'a, ga rijiya, ga rafi, ga sunayen ƙauyuka da adadin yaran da ake sa ran yi wa rigakafi. Kwalin nan ne ke faɗa wa asibiti su wa ke wuyansa. Ƙauyen da sunansa bai hau ba, ba allura, ba gidan sauro, ba mai zuwa tambayar mai ciki ko ta fara awo.

Yaƙi da shan inna ne ya tona wannan giɓi. Daga 2012, da aka soma gwada taswirorin hannu da hotunan tauraron ɗan'adam a jihohin Arewa, sai ga tungaye da rugage da ba sa cikin lissafi, musamman a kan iyakar mazaɓu, inda kowace tawagar rigakafi ke zaton wurin na maƙwabta ne. Gyaran da aka yi na cikin abin da ya kai Afirka ga samun shaidar rabuwa da asalin ƙwayar cutar a Agustan 2020.

Sai dai tauraro rufin ɗaki kawai yake gani. Bai san sunan tunga ba, bai san mai unguwarta ba. Ma'aikaciyar lafiyar da ke shiga gida-gida ita ta san cewa asibitin da ke kusa a takarda, in damina ta sauka rafi ya kawo, ya fi na nesa nisa. Ta san matan wani ƙauye sun gwammace asibitin garin da suke cin kasuwa, ko wanda mace ke karɓar haihuwa. Ta san watan da Fulani ke tashi da inda suke sauka. A ganina wannan sani ne ya kamata ya shata iyakar asibiti, ba layin mazaɓa ba, wanda don zaɓe aka ja shi.

Hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa ta ƙaddamar da shirin CHIPS a Lafiya ta jihar Nasarawa a 2018 don ƙarfafa irin waɗannan ma'aikata. Yanzu da rashin tsaro ya tashi ƙauyuka a Zamfara da Katsina, taswirar bara ba ta aiki bana. Sabunta ta na buƙatar man babur da alawus a kan lokaci, da kuma zama da dagaci a bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya.