Sabuwar Mota, Faifan Birki Ya Cinye

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in kai kukana ga masu karatu.

Ni malamin makaranta ne a Faskari. Bara ni da ƙanena muka ci bashi muka sayi sabuwar a-kori-kura, yana ɗaukar masara daga Sabuwa zuwa kasuwar Sheme da Ƙanƙara. Ba ta yi kilomita 9,000 ba, sai sitiyari ya riƙa rawa in an taka birki. Da makaniki ya kwance ƙafar hagu ta gaba, ya tarar faifan birki ya cinye ta ciki, ta waje kuwa sumul. Ya ce ƙarfen da ke matse faifan ne ya cije.

Muka kai wa masu sayarwa takardar garanti, suka ce faifai abin cinyewa ne kamar taya, ba su biya. Na yarda. To, ƙarfen da ya cije fa? Wai lakar hanyarmu ce. Ashe don kwalta kaɗai aka ƙera motar kaya!

Mun adana tsohon faifan don shaida. Wanda ya san inda akan kai irin wannan ƙara, don Allah ya sanar da mu.

Naka,
Wani Malami, Faskari.